Sanarwa: Aikinmu na gaba, fenti a kan ganye

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Aikin da za mu sa a gaba shi ne ƙawata ganye da fenti, don haka kowa ya fara tsintar nasa tun yanzu, domin busarwa ce ke cin lokaci.

A zaɓi ganye mai kauri, marar huji, wanda jijiyoyinsa suka fito raɗau. A goge ƙura, a sa shi tsakanin takardu biyu, a danne da littafi mai nauyi har mako 1 zuwa 2. Don Allah kada a yi gaggawa a nan. Ɗanyen ganye yana ci gaba da fitar da ruwa, sai ya kanannaɗe, fentin ya tsattsage. Mai son ganyensa ya zauna da laushi ya jiƙa shi kwana 3 zuwa 5 cikin gilisarin kashi 1, ruwa kashi 2, amma launinsa zai ɗan yi duhu.

Fentin akirilik, wato fentin zane mai kauri da saurin bushewa, ya fi dacewa. Saman ganye yana da santsi kamar an shafa kaki, shi ya sa fenti mai ruwa-ruwa ke taruwa ɗigo-ɗigo ya ƙi kamawa. A fara da shafa farin fenti siriri, a bari ya bushe, sannan launi. Ni dai na fi son a bi jijiyoyin da bakin buroshi, a bar wani gefen da launinsa na asali.

Masu yi da yara, a guji ganye mai farin ƙaro, wasu na ƙona fata. Wanda ya tara nasa ya turo hoto mu gani.