Wasiƙa Zuwa Gembu: Maganar Salansar Motarka

Kano,
daren Laraba.

Mutumina Habu,

Assalamu alaikum. Ya sanyin dutse, ya Hajiya da yara? Shirun ya yi yawa, har Gwaggo ta fara tambaya ko Bazazzagin nan ya canza lamba ne don gudun zubin adashe. Sai ga saƙonka, ba ko "ya gida", hoton salansa kawai a ɓalle da tambayar nawa ake sayar da mai inci uku a Ƙofar Ruwa. To, ka dakata da tura kuɗi, inci ukun nan ba na motarka ba ne.

Land Cruiser ɗinka injin 1HZ gare ta, lita 4.2, silinda shida, dizal, babu turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Da kansa yake shaƙar iska, kuma hayaƙin da yake fitarwa bai isa ya cika bututu mai inci 3 ba. Yi lissafi ka gani: bakin bututu mai inci 2 bai wuce murabba'in inci 3.1 ba, na inci 2.5 ya kai 4.9, na inci 3 kuwa 7.1. Idan hanya ta yi wa hayaƙi faɗi, gudunsa raguwa yake, ya huce tun bai kai waje ba, sai jan da hayaƙin silinda ɗaya ke yi wa na mai bin sa ya raunana. Lokacin da injin ke juyawa a hankali za ka ji abin, wato daidai lokacin da kake hawan dutsen Mambilla daga Mayo Selbe da buhunan masara a baya. Inci 2.5 za ka saya, milimita 63 ke nan. Inci 3 na masu turbo ne irin su injinan 1HD-T da V8, don turbo ba ya son komai ya tare masa hanya a bayansa.

Kada kuma wani ya yi maka daɗin bakin cewa sabuwar salansa za ta dawo da ƙarfin da motar ke da shi a Jalingo. Kun haura mita 1,500 a can, kuma injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa. Baƙin hayaƙin da ka taɓa yin ƙorafi a kai, mai ne ya fi iska yawa. A duba matatar iska, a gwada nozul, a daidaita famfon mai. Salansa ba ta da hannu a ciki, sai dai in ta toshe.

Sai ƙarfen da za a yi ta da shi, wanda a wurinku ya fi ko'ina muhimmanci, tun da damina ba ta san ranar tafiya ba. Baƙin ƙarfe zalla ya fi araha, amma taɓo na manne masa ta waje, raɓar hayaƙi na cin sa ta ciki, musamman idan gajerun tafiye-tafiye ake yi bututu bai gama zafi ba. Wanda aka shafe da alminiyam ya fi shi daɗewa, sai dai duk inda aka yi walda ko dutse ya karce, shafin ya tafi, daga nan tsatsa ke kamawa. Sitenles iri biyu ake yi wa salansa. Mai lamba 409 yana yin ja-ja a sama kamar ya yi tsatsa, amma ba ya saurin hujewa, yana kuma jure zafi da sanyi suna ta musanya a kansa. Mai lamba 304 shi ne mai ƙyalli da tsada. Ni 409 zan zaɓar maka, kaurinsa kada ya gaza milimita 1.6, in ka sami 2 ma ya fi, saboda duwatsu. Ka riƙe maganaɗisu a aljihu: yana kama 409, ba ya kama 304 sai ɗan kaɗan a wurin lanƙwasa. Amma ka sani sitenles ɗin da ake yin dogarin bene da shi ma maganaɗisu ba ya kama shi, kuma da shi ake damfarar masu son ƙyalli irinka. Fayif ɗin ruwa kuwa, wanda wasu masu walda ke kawowa wai ya fi ƙwari, ka ce a'a. Nauyinsa na tsinka maratayi, shafin da ke jikinsa kuma idan ya sha wuta hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Af, Ɗanbaba ya yi aure. Eh, shi. Ya shigo majalisa da babbar riga har da turare, Liman ya ce a tashi a ba shi kujerar roba mai ƙafa huɗu. An ajiye maka goronka, ko da yake Isiya ya ce zai riƙe shi a madadin bashin nan na Sallah, ka san wanda nake nufi.

Mu koma kan hoton. Ka lura ba tsatsa ce ta karya ta ba? A gefen walda ta tsage, ƙasa kaɗan da manifol, wato ƙarfen da ke tattaro hayaƙin silindodi daga kan injin, kuma na hango guntun rodi da aka yi wa walda daga bututu zuwa shasi a madadin roba. Wannan rodin shi ne ɓarawon. Injin yana girgiza a kan robobinsa, shasi yana murɗewa duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami ɗaya tana sama, shi kuwa bututu an ɗaure shi tamau a tsakani. Dole wani wuri ya sallama. Ko salansar zinariya ka sa, in aka maimaita wannan ɗaurin, haka za ta ƙare. A sa gaɓa mai saƙar waya, wadda ke lanƙwasuwa ta shanye girgiza, a bututun farko bayan manifol, a rataye sauran da roba a wuri uku ko huɗu, a kuma duba robobin da injin ke zaune a kai. Idan sun mutu, sabuwar gaɓar ma ba za ta kai wata damina ba.

Wurin lanƙwasa, ka sa hannu ka shafa. In ya matse ya yi tamoji ta ciki, inci 2.5 ɗinka ya koma 2 a nan. Ana samun gwiwoyi da aka lanƙwasa a masana'anta faɗinsu bai ragu ba, gara a sayo su a haɗa. Sandar walda ma ba kowace ba: 309L idan za a haɗa sitenles da baƙin ƙarfe, 308L idan 304 ne da ɗan'uwansa. Sandar ƙofa da taga tana riƙewa, amma layin waldar ne zai fara ruɓewa. A cire kan batir kafin a kunna wuta, a kuma tuna inda tankin mai yake.

Duk tsawon salansar kada wani ɓangare ya sauko ƙasa da shasi. Ta bi ta saman aksil ɗin baya, kuma a gwada da kaya a mota, don sifirin ya kwanta a ga ko aksil zai doke ta. A bar aƙalla milimita 25 tsakaninta da kowane ƙarfe, fiye da haka kusa da layin burki, layin mai da shokazoba, in wuri ya matse a sa farantin kare zafi. Wutsiyar ta fito ta gefe bayan tayar baya, gajeriya, tana ɗan kallon ƙasa. Mai tsawo ita ke fara dukan ƙasa wurin fita daga kwari, ta toshe da laka, injin ya shaƙe ka yi ta zargin famfo. Kada kuma a yanke ta a ƙarƙashin bodi, hayaƙi na taruwa ya shiga wa masu zama a baya.

Tukunyar rage ƙara kuwa, ka sa madaidaiciya guda, wadda hayaƙi ke ratsa ta kai tsaye. Na san ka, so kake a ji tahowarka tun daga Nguroje. Awa biyu da wannan rugugin a kunne, kai da kanka za ka nemi auduga.

Ranar kwancewa, a jiƙa notinan manifol da man sassauta tsatsa tun daren jiya, in sun ƙi a ɗan gasa su. Wanda ya karye a cikin kan injin aikin yini ne. Gaskit sabo, ban da mannen gam. A ɗaura komai sako-sako daga gaba zuwa baya, a daidaita, sannan a ƙulle. Injin na aiki a tare bakin wutsiya da tsumma na ɗan lokaci, duk inda ke yoyo zai yi huci. Bayan tafiyar farko a sake bin notinan, baƙin toka a bakin haɗi alamar yoyo ne. In ka shiga rafi kada ka kashe injin wutsiya na cikin ruwa, da rani kuma ka riƙa zare busasshiyar ciyawar da ke maƙalewa a saman tukunya.

Turo mini lambar shasi in san HZJ75 ce ko HZJ79, don HZJ79 da ta fito daga 1999 ta fi tsawo tsakanin tayoyi da milimita 200, salansarsu ba ta shiga juna. Ka haɗo da ganyen shayin Kakara da ka yi wa Gwaggo alkawari tun bara, ta ce ba ta yafe ba. Isiya ma na gaishe ka, wai ka san lambar asusunsa. A shafa mini kan yara.

Naka,
Bala