Wasiƙa daga Jidda zuwa ga Sagir

Jidda, daren Asabar.

Sagir mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Funtuwa, ya kuka ji da hunturu? Ina Maman Abba da yara? Ya ƙafar Baba? Allah ya ƙara masa afuwa.

Saƙonninka duk sun iso, har da na fushin nan da ka ce in riyal ce ta sa na manta da talakawa, to Allah ya ƙara buɗi. Ba riyal ba ce, wallahi. Na sha danna waya in yi maka magana, in na saurari yadda muryata ta fita sai in goge. Shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta, yadda muke yi muna makarantar kwana.

Maganata da Widad ta watse. Wata biyar ke nan, tun cikin Muharram. Ko Hajiya ban faɗa wa ba, kai ne na farko a gida.

Ka san dai ita haifaffiyar Makka ce, 'yar Shara Mansur. Kakanta tun zamanin Turawa ya baro ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya bi ta Chadi, ya yi shekaru yana tsintar auduga a Sudan yana tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya ƙetaro ta Sawakin. Ita kuwa Najeriya a waya kawai take ganinta. Nan kuma ba kamar gida ba ne da za ka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan su yarinya kana zance har a kira Isha. Sau biyu tak na zauna da ita ido da ido, a falon babanta, wanta na gefe yana latsa waya. Sauran shekara biyun duk a WhatsApp muka yi su.

Ranar da abin ya faru ina sito muna ɗaure kayan 'yan Kano-Jidda, ta kira. Ta ce, "Nura, walla ban ga aibinka ba, amma ba zan iya ba. Halas, ka yi haƙuri." Bayan kwana uku wanta ya kawo mini zobe da turarukan da na kai, cikin leda, ya rungume ni ya tafi. Babanta kuma ya kira ni da kansa, ya yi mini magana ta manya. Ya ce igamata, wato katin izinin zamana a ƙasar, a hannun kafili take, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, ran da kwantiragi ya ƙare ya ƙi sabuntawa, sai huruj, wato takardar barin ƙasa, sai filin jirgi. To 'yarsa fa? Ta bi ni ƙasar da ba ta san kowa ba, ko ta zauna ba ita ga aure ba, ba ita ga zawarci ba? Ya lissafa mini kuɗin da baƙo ke biyan gwamnati a kan iyalinsa, wanda aka fara da riyal 100 a wata a 2017, ya kai 400 a kan kowane mutum tun 2020. Ya lissafa haya, wadda ta haura tun da aka rushe unguwanni irin su Sabil da Karantina. Ni kuma albashina 2,300 ne. Bai ɗaga murya ba, har addu'a ya yi mini.

Ka ga dai an faɗa mini dalili a fili, da Hausa da Larabci. Amma na ƙi yarda. Na ce ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da na yi. Na shiga nema.

An ce shawara ɗaukar ɗaki. Haka ne, in masu ɗaukar waje guda suka nufa. Nawa kowa gabansa ya ja. Kawu Idi, wanda muke shan shayi wajensa a Bab Makka bayan Isha, ko ƙarasa labarin bai bari na yi ba. Ya ce, "Kai ka kashe kanka. Ka zube mata gaba ɗaya kamar buhun da ya fashe. Mace in ta ga iyakar zurfin ruwanka tsallakewa take." Bala direba, da muke ɗaki ɗaya, ya ce ƙarya ne, rowa ce ta cinye ni: yarinyar da ƙawayenta ke riƙe da iPhone, ni ina kai mata turaren riyal 80. Washegari Sani tela ya ce a'a, sakin hannun ne ya yi yawa, na mai da kaina saniyar tatsa, da nono ya ragu ta yi gaba. Na kira Yaya Hadiza a Riyad, bayan na roƙe ta ta rufa mini asiri, ta ce, "Ku maza ba ku iya magana ba. Yaushe rabon da ka tambaye ta abin da ke damunta, ka yi shiru ka saurara?" Wani ya ce kambun baka ne, in nemi ruƙiyya. Wani ya tambaya ko na yi istihara, na ce na yi, ya ce to ban yi da kyau ba.

Da dare kuma sai waya ta karɓi aiki. Ka san TikTok, in ka tsaya a kan bidiyo ɗaya na masu koyar da soyayya, shi ke nan an kunce maka famfo. Ga wani yaro da gyararren gemu zaune cikin mota yana cewa kada ka amsa saƙon mace sai bayan awa uku, ka ja aji, namiji barkono ne. Ka ɗaga yatsa, ga wata tana cewa wanda bai kira ki sau uku a yini ba, ba sonki yake ba. Abin da zai ba ka dariya, Sagir, kowanne na ji sai in ce wallahi ni ne. A dare ɗaya na yarda ni marowaci ne, na kuma yarda ni almubazzari ne. Na yarda na cika naci, na yarda na cika shariya. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni nawa na hau, na shimfiɗa tabarma na zauna.

Na koma farkon hirarmu ta WhatsApp, shekara biyu cur, ina bi layi-layi kamar alƙali da fayil. Nan na yi wasan da bai kamata ba. Nan ta ce "tayyib" kawai, ashe fushi take ban gane ba. A haka asuba ke riska ta. Wandona ya fara zamewa. Ran nan na rubuta Yamai a kan katan huɗu na wata Hajiya 'yar Kano. Allah ya sa abokin aikina ya gani kafin a loda, da yanzu ina gabanka a Funtuwa, ba sai na rubuto wasiƙa ba.

Na lura da wani abu. In aka rabu da mace, 'yan'uwanta mata taruwa suke su rungume ta, su ce dama bai dace da ke ba. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, ta dai samu masu share mata hawaye. Mu kuwa in ka kai wa maza, sai su zagaye ka kamar makanikai sun samu mota a gareji, kowa na nuna abin da ya lalace. Ba mugunta ba ce, iyakar abin da muka iya ke nan. Ba mai ce maka sannu, da ciwo. In shirunka ya yi yawa ma sai a ce, "Haba, kamar ba namiji ba, mata sun ƙare ne?" Amma ni ma da hannuna a ciki, don na fi son a ce laifina ne. In laifina ne, abu ne mai gyaruwa, da na yi kaza da tana nan. Wannan ya fi mini sauƙin haɗiya a kan in yarda cewa ko tsayuwar ka na yi, katin da ke aljihuna da koren fasfona ba za su canja ba.

A watan jiya maigida ya ba ni kwana biyu na tafi Madina. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 ya fi sauri, amma aljihu ya ce bas, na shiga bas. Na sauka wajen Mustafa, ƙanin abokinmu na Bakori, wanda ke karatu a Jami'ar Musulunci. Na girme shi da kusan shekara takwas, ban yi niyyar faɗa masa komai ba. Muna zaune a farfajiyar Masallaci bayan Isha, an naɗe manyan lemomin nan, sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na gyara zama ina jiran sabon laifi. Sai ya ce, "Yaya Nura, ka san labarin Mugisu da Barira?"

Na san ka san shi, kai da ka yi Islamiyya da gaske, ba irina ba, amma bari in faɗa yadda ya shige ni. Barira baiwa ce, Nana A'isha ta saye ta ta 'yanta ta. Aka ba ta zaɓi, ta zauna da mijinta Mugisu ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi Abbas ko bai yi mamakin son da Mugisu ke wa Barira da ƙin da take masa ba. Ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya, umarni ne? Ya ce a'a, ceto kawai yake. Ta ce ba ta bukatarsa. Mustafa ya ce hadisin na cikin Buhari, in je in duba: ba inda aka hana Mugisu kuka don shi namiji ne, ba inda aka zaunar da shi ana lissafa masa inda ya kuskure, ba kuma inda aka tsine wa Barira. Ya ƙara da matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta ce ba ta zargin mijinta a hali ko addini, amma ba za ta iya zama da shi ba, aka ce ta mayar masa da gonarsa.

Sagir, kusan kalaman Widad ke nan. Na dubi inda nake zaune, na ce a garin nan fa aka yi. Na yi kukan da na riƙe wata huɗu. Yaron nan ya kau da kai, ya tashi ya ɗebo mini zamzam a kofi.

Kada ka ɗauka na wanke kaina tas. Da na tankaɗe tulin laifukan nan, guda ɗaya ya rage a rariya, kuma shi na gaske ne. Cikin azumin da ya wuce mun ɗan samu saɓani, na bi ta masu cewa a ja aji, na yi kwana huɗu ban ɗaga wayarta ba. Sau tara ta kira. Ina kallon wayar na haske, Bala na ce mini, "Daure, yanzu za ta san darajarka." Ashe kakarta da ta raine ta ce ke kwance a asibiti, a dare na uku ta cika. A bakin wanta na ji. Na je ta'aziyya, na ba da haƙuri sama-sama, na fake da aiki. Ƙarya na yi. Duk watannin da na yi ina tuhumar kaina a kan turare da "tayyib", wannan ɗin nake kewayewa. Ba wanda ya ambata mini shi a majalisa, don majalisar ce ta ba ni shi da sunan dabara.

Da na dawo Jidda na tura wa wanta saƙo, na ce ya isar mata: ba aiki ne ya hana ni ɗaga waya ba, girman kai ne da shawarar banza, ta yafe mini. Na ce ba biko nake ba. Bayan kwana biyu amsa ta zo, gajeriya: "Malesh. Na sani tun lokacin, kuma na yafe. Ba shi ya raba mu ba." Ya fi sau ashirin na karanta. Ka san zuciya, har ta so a ce shi ɗin ne.

Yanzu dai ina barci, ina cin abinci, jiya ma ni na cinye rabin kazar Albaik ɗin Bala. Ban warke ba. In motar kaya ta bi da mu hanyar Makka, nakan yi shiru har direba ya tambaya ko lafiya. Kawu Idi ya koma cewa matar mutum kabarinsa, kamar ba shi ya ce ni na kashe kaina ba. TikTok kuwa na goge, na sake saukewa, na sake gogewa.

Ga abin da nake roƙo. Ka je wajen Hajiya da ƙafarka, ba ta waya ba, ka zaunar da ita ka faɗa mata. Ka ce ba wanda ya wulaƙanta mata ɗa, mutanen kirki ne, kada ta riƙe su a zuciya, kada kuma ta fara zagayen nemo mini 'yar wance kafin azumi. Akwatunan da ta fara tarawa ta bar atamfofin a ciki, ba ruɓewa suke ba. Na san za ta tambaye ka me na yi wa yarinyar. Ka faɗa mata na kwana huɗun, ban yarda ka ɓoye ba. Sauran ka ce mata takarda ce.

Ƙanin Maman Abba da ka ce zai zo Umara cikin Rajab, ka ba shi yaji da kuka da ɗan daddawa, a ɗaure da kyau saboda filin jirgi. Shawara kuwa riƙe abarka, ina da buhu-buhu a nan na rasa inda zan kai. Ka kira ni ranar Juma'a in kun sauko daga masallaci, lokacin nan mun yi la'asar, ka ba ni labarin farashin masara da wanda ya yi sabon aure a unguwa.

Ka gaida Baba, ka shafa mini kan Abba.

Naka,
Nura