Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Iyayen ƙungiya, shugaba, 'yan'uwa mambobi, assalamu alaikum.

Tarukan wata-wata sun gudana, ban da na watan azumi.

Abin da ya fi faranta mana rai bana shi ne tafiyar kai mata Babbar Ruga, cibiyar aikin yoyon fitsari da ke Katsina. Kun san matan nan masu yoyon fitsari da Hajiyoyinmu na kwamitin mata suka yi ta bi ƙauye-ƙauye suna lallashi. Ba ƙaramin aiki ba ne, don mace mai wannan lalura ɓuya take yi saboda zarni, wata ma mijin ya sallame ta tun da doguwar naƙudar ta bar ta da ciwon. Aikin tiyatar kyauta ne a cibiyar, amma kuɗin mota da abincin mai jinya su ke hana talaka zuwa, kuma su muka ɗauka. Matan sun yi makonni da robar fitsari kafin a sallamo su, aka gargaɗe su cewa haihuwa ta gaba sai a asibiti. Ranar da suka dawo, wadda ta fi kowa daɗewa da ciwon ta zauna a tabarma tsakiyar mata ta ci tuwo da su kwano ɗaya. Mahaifiyarta kuka kawai take yi. Wanda bai zo walimar nan ba ya yi asara, kuma mun san waɗanda ba su zo ba.

Sai maganar a-daidaita-sahun ɗaukar masu naƙuda, wadda ake ta yi mini gori a kanta a WhatsApp. Ba a saya ba, gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi bai tsaya wuri guda ba, kuɗin da muka tara kuwa yana nan yadda yake a asusu. Ba wanda ya ci ko kwabo. Littafin ma'aji a buɗe yake ga mai son dubawa.

Rajistar marasa galihu a shirin lafiya na gwamnati ma ta tsaya rabi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, wato haƙƙin tsofaffinmu ne da marayu. To amma da yawansu ba su da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) da ake nema wajen rajistar, kai su wurin yin ta kuma yana son mota da mai rakiya. Na nemi masu sa kai, mutanen kullum ne suka fito.

Kuɗin wata kuwa, ni na gaji da bin mutane har ƙofar gida kamar mai karɓar bashi. Wasu tun bara ba mu ga ƙeyarsu ba, sai ranar ɗaukar hoto. Duk wanda ake bi ya kawo wa ma'aji kafin taron Janairu, don a ranar za a karanta sunaye.

Sakataren ƙungiya