Ba sai da dutse mai aman wuta ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Baƙon da kuka kawo a shirin makamashi na ranar Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Wai zafin ƙarƙashin ƙasa ba ya amfanar kowa sai masu duwatsun aman wuta irin su Kenya, sauran kuma su rungume hannu. Mai gabatarwa ko uffan ba ta ce ba, sai "haka ne" kawai ta wuce!

Ni ɗan Maraɗi ne, ina zaune a Chevilly-Larue, kudu da birnin Paris. Dutse mai aman wuta babu shi a nan ko na magani. Amma tun 1985 ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɗumama gidajen unguwar nan. Rijiya ce mai zurfin kusan kilomita 2, ruwanta bai ko kai tafasa ba, digiri 70 ne da 'yan kai. Ruwan gishiri ne mai cin ƙarfe, shi ya sa ba a tura shi gidaje. Zafinsa kaɗai ake zarewa a ba ruwa mai tsabta, shi kuma a mayar da shi ƙasa ta rijiya ta biyu. A watan Janairu, lokacin da sanyi ke fasa leɓe, in na dawo daga aikin dare da jiƙaƙƙiyar safa sai in ɗora ta kan ƙarfen ɗumama ɗaki, kafin in gama sallar asuba ta bushe ƙayau. To, wannan ne baƙonku ya ce ba ya yiwuwa?

In ma lantarki yake nufi, nan ma bai faɗi daidai ba. A Chena, can Alaska ta Amurka, tun 2006 suke samun wuta daga ruwa mai digiri 74 kacal. Ruwan ke tafasa wani sinadari mai saurin zama tururi, tururin ya juya inji.

Ban ce ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, zai haskaka Bauchi ba. Amma mutum ya zauna gaban makirufo ya yanke hukunci a kan abin da bai bincika ba, yara 'yan makaranta suna saurare, wannan ba daidai ba ne. Ku nemo wanda ya san aikin ya zo ya gyara maganar.

Sannan don Allah ku rage kiɗan nan da kuke sakawa ƙarƙashin hira. Mu da muke saurare ta waya a cikin jirgin ƙasa, rabin zancen ba ma jin sa.

Naku mai saurare,
daga Faransa