Bugun agogo a tallan fim

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina so in tayar da gardamar nan da muka bari ba mu ƙarasa ba, lokacin da ka dage cewa hoto ne kaɗai ke jan mutum zuwa kallon fim ɗin tarihi.

Daren jiya na sake kallon gajeren tallan farko na Dunkirk, fim ɗin Christopher Nolan na shekarar 2017, wanda ya ba da labarin kwashe sojoji fiye da 300,000 daga gaɓar tekun Faransa a 1940. Da farko na kashe sautin wayar, kuma abin da na gani bai wuce rairayi da kumfar teku da samari masu hular kwano ba, har na yi hamma. Da na sa abin saurare a kunne na maimaita, sai ka ce an sauya mini fim. Babu waƙa, sai bugun agogo, ƙas, ƙas, ƙas, yana danne ƙirji, sannan kukan jirgin yaƙi ya taso daga nesa, sojojin da suka yi cincirindo a kan gada suka ɗaga kai, suka duƙa. Ni da ke zaune a kan tabarma sai da na noƙe wuya.

Bugun da ke cikin kiɗan fim ɗin na agogon Nolan ne da kansa, shi ya naɗi sautinsa ya ba makaɗi Hans Zimmer ya gina kiɗa a kai. Ba kasafai ake samun irin wannan dacewar ba, domin sau da yawa ana haɗa talla tun kafin a kammala kiɗan fim, sai a sayo na kamfanonin da sana'arsu ke nan. Shi ya sa, a ganina, tallan finafinan yaƙin Rumawa da na sarakunan Ingila duk suke zuwa da ganguna masu nauyi iri ɗaya, har kunne ya gundura. Kai da ka tashi kusa da fada ka san ko ba ka ga sarki ba, da zarar an busa kakaki ka gyara tsayuwa.

Don Allah ka gwada, sau ɗaya shiru, sau ɗaya da sauti, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kana kan bakanka. A gaida Hajiya da yara.

Naka amini.