Yasar Kwalbati Ba Ta Ƙare A Bakin Titi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton jaridarku kan ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu yashe magudanan ruwa a unguwannin Kano, da gudummawar da masu hannu da shuni ke ba su. Abin yabo ne, amma akwai gyara.

Galibin gudummawar shebur ce da baro da takalman roba. Matasa su fito ranar tsaftar muhalli, Asabar ɗin ƙarshen wata, su tono yashi da leda su jibge a bakin titi. Daga nan aiki ya tsaya, domin babu kuɗin hayar tifa. Ruwan farko kuwa sai ya mayar da tulin cikin kwalbati, ya gangara kogin Jakara. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a 2022 ta isa darasi kan abin da toshewar magudana ke jawowa.

Shawarata, mai bayarwa ya fara da kuɗin kwashewa, tun Afrilu ko Mayu kafin damina ta sauka. Ya kuma taimaka wa ƙungiyar ta yi rajista, ta buɗe asusun banki mai sa hannun mutum biyu, don a daina zuba kuɗi a aljihun shugaba, inda rigima kan fara.

Sai kuma bibiyar hukuma, wadda ba ta da farin jinin ɗaukar hoto. Takarda mai sa hannun mai unguwa, a kai wa kansila da hukumar kwashe shara ta jihar Kano, REMASAB, a nemi ranar zuwan mota a rubuce, a kuma koma tuni idan ranar ta wuce.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano