Wasiƙa daga Zuru, bayan ranar mazan jiya

Aminina Garba,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Ikko? Mu nan hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage.

An yi 15 ga Janairu kamar kullum, fareti da ajiye furanni a Birnin Kebbi. A jawaban da na saurara ban ji an ambaci Burma ba, alhali ka san Zuru, da wuya ka shiga unguwar da ba a taɓa ɗinka wa wani kaki ba. Shi ya sa na zauna da Inna Kulu ta sake ba ni labarin yayanta Audu, tun ƙwaƙwalwarta na nan daram.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka sa shi. A 1943 aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, a 1944 suka shiga kwarin Kaladan a Burma suna fafatawa da Japanawa. Daji ne da mota ba ta ratsa shi, kaya a ka suke ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jefo musu. Wanda harsashi ya bari, zazzaɓi da atini na jiransa. Inna ta ce bayan yaƙi wani abokin tafiyarsa ya yi sallama a zaure, ya tuɓe hula, ya miƙa wa babansu gorar ruwa ta soja, a lotse ta gefe ɗaya. Ita ke nan gadon. Mahaifiyarsu har ta rasu tana ware masa tuwo, wai ko Allah zai sa ƙarya ne.

Kai da kake wucewa ta Barikin Dodan kullum, sunan wani fagen daga ne a Burma inda sojojin Afirka ta Yamma suka yi yaƙi. Haka Barikin Myohaung, sunan garin da suka kama ne a Janairun 1945.

Ga alfarmar da nake nema. A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon a Burma akwai ginshiƙai masu sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, kuma hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth ta sa sunayen a intanet. Wahalar ita ce, akawun Bature yakan rubuta mutum da sunan garinsu, ka ga Audu Zuru ba zai zama ɗaya ba. Ka sa Nasiru ya duba, shi da kwamfuta ke jin maganarsa. Ko nawa ya gani ya turo da lambobinsu, akwai wata tsohuwar takarda a adakar Inna da za mu gwada.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sani